Jirgin Alƙahira Yana Bi ta Kachia

Litinin, 4 ga Agusta, da rana

Jirgin Alƙahira ya wuce ɗazu. Ya bi ta gabas da mu kamar yadda ya saba, ta saman Saminaka da Kachia, ya gangara Abuja. Ban gan shi da ido ba, hadari ya rufe ko'ina, a waya na gan shi. Babu nawa a ciki, amma na raka shi har ya sauka, sannan na tuna na ɗora ruwan shayi. Na tarar da butar ta ƙafe, tana ƙauri.

Janet, matata, ta shiga mako na uku a asibitin can Alƙahira. Phoebe, 'yarmu, tana tare da ita. An yi aikin, an ce a jira. Ni kuma an bar ni a Barnawa ina gadin gida da kaji, wai hawan jinina ba zai ɗauki tafiya ba. Likitan da ya yanke wannan hukunci bai kai Phoebe shekaru ba.

Janet ce ta ce in riƙa rubutu, don kada in cika wa maƙwabta kunne. To, ga shi ina yi.

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Irene, ƙanwar Janet, ta zo daga Makera da kular tuwon acha da miyar karkashi. Ta same ni a baranda, tabarau a kan hanci, waya a hannu.

"Mijina, har yanzu kiwon jiragen mutane ake yi?"

Na ce ana yi.

"Cikinsu akwai wanda ya taɓa yi maka ƙwai?"

"Ke da kika tsufa kina kiwon miji, me ya yi miki?"

"Ci abincinka, tsoho, kafin in mayar da kayana."

Ta zauna tana kallona ina ci, sai ta ce in gaya mata tsakani da Allah yadda abin yake aiki, don ita har yau tana zaton duba ne irin na zamani. Na yi mata bayani, ba karo na farko ba. Kowane jirgi da ke sama yana tafe yana faɗin sunansa da tsayinsa da gudunsa, ba ya gajiya, kamar mai tallan gyaɗa. Eriyar da na ɗaura a kan rufi, wadda na haɗa da wayar tagulla da guntun bututun ruwa, ita ke jin wannan tallan. Ta miƙa wa wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka ba a bayan talabijin, shi kuma ya aika wa masu manhajar da nake kallon jiragen a waya. Akwai irina a ƙasashe da yawa, tsofaffin da aiki ya sallama da samarin da barci ya ƙi, kowa da eriyarsa. Abin da muka jiyo shi ake harhaɗawa ya zama taswira. Inda babu mai saurare, jirgi yakan ɓace, ko a zana masa ɗigo-ɗigo na kintace, har ya iso kunnen wani.

Ta ce, "To in ka san inda yake, sai me?"

A reluwe, inda na yi aikin sigina har na yi ritaya, wannan tambaya tana da amsa. Ka san inda jirgi yake don kada biyu su haɗu a layi ɗaya. A nan kuwa, na dubi tuwona na ci gaba da ci.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Phoebe ta kira. "Da sauƙi, Baba." Na ce a ba ni uwarta. Ta ce tana barci.

Juma'a, 8 ga Agusta, da la'asar

Tana barci kuma.

Matar da tun da na aure ta ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Ko ranar da ta haifi Phoebe, da yamma na same ta zaune tana gyaran wake a faranti, tana faɗa da nas a kan labule.

Na gyara ƙofar akurkin kaji, wadda ba abin da ya same ta.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan sujada

Fasto Bulus ya gaishe ni da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Matan Zumunta na cocinmu suna tsaye a gindin mangwaro suna ta surutu, ina isowa suka koma zancen tsadar tumatir, su duka a lokaci ɗaya. Wilfred, abokina tun muna samari a Kakuri, ya yaba hulata. Hular nan ya san ta tun tana sabuwa, kuma tun a lokacin yake zagin ta.

Wataƙila ba komai. Amma ni na san aikin, shi ya sa.

A wajenmu ba a faɗin labarin rasuwa a waya. Ko a wace ƙasa abin ya faru, Fasto ake kira, Fasto ya kira dattawan ikkilisiya, a je gidan da ƙafa. Ba a zuwa da dare, ba a zuwa mutum ɗaya. Da sassafe ake zuwa, mutum uku, kafin mai gida ya fita. A bar mota can nesa. Ba a sa kayan ado, ba a sa baƙaƙe. Tun kafin ranar an riga an tura wata mace cikin dangi ta riƙa zuwa da wani dalili, ta tabbatar mutum yana cin abinci. In an shiga a gaisa a tsanake, a tambayi yara, a tambayi gona, a nemi ruwan sha. Ɗaya ya zauna a damarsa, ɗaya kusa da ƙofa. Sannan Fasto ya ce, bari mu yi addu'a. A cikin addu'ar mutum yake ji.

Ni da Wilfred mun yi wannan aiki tare a gidaje da yawa, daga Barnawa har Mahuta. Ni ne mai zama a dama, saboda ina da ƙarfin hannu.

Irene ta aiko da pate. Na ci rabi.

Litinin, 11 ga Agusta, da rana

In ka danna jirgi a taswira, sai ya buɗe maka tarihinsa kamar wanda ya je neman aure. Ga hotonsa, ga lambar da ke jikin wutsiyarsa, ga shekarar da aka ƙera shi, ga garin da ya kwana jiya. Na Alƙahira na yau shekaranjiya a Jidda yake, kafin nan Nairobi. Yawon da yake yi, da ɗan mutum ne da an kira taron dangi a kansa.

Manhajar tana faɗin komai. Abin da ba ta faɗi shi ne wa ke ciki. Ba ta kuma faɗin wa ke zaune a sama kusa da taga, wa ke ƙasa tare da akwatuna.

Na rubuta wannan, na so in soke shi, na bar shi.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Mun yi faɗa da Irene.

Na fito daga wanka na same ta tana sharar tsakar gida, ba sharar kullum ba, irin wadda ake kaiwa har bakin titi, a cire ciyawar gindin katanga. Kuma ta fito da manyan tukwanen nan biyu daga sito ta jiƙa su.

Na ce, "Wa za a dafa wa?"

"Tsatsa suke yi."

"Su yi. Mayar da su."

"Baban Phoebe, tukunya ce kawai."

Ba ta ce mijina ba. Na ce ta mayar da su yanzu, ta kuma ajiye tsintsiyar, gidana ne, in na ga dama in yi noman ciyawa a ciki. Ta mayar, bakinta a rufe, abin da ban saba gani ba. Ana nan wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta fita har wajen get kafin ta amsa. Da ta dawo ta ce mai kawo mata gawayi ne. Mai gawayin da ake yi wa magana da hannu a kan baki.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun asuba. An ɗauke wuta. Phoebe ba ta kira ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da la'asar

Kakata a ƙauye, in tana ba mu labari a bakin murhu, ba ta da agogo sai itace. Itace na cinyewa labari ya tsaya, ko da kura ta riga ta sa ƙafa ɗaya a cikin ɗaki. Mu yi ta roƙo, ta ce kurar ma ta gaji, a bar ta ta huta a haka har gobe. Sai mu kwanta da kura a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki. Ba na jin akwai wanda ya yi barcin kirki a gidan nan har muka girma.

Na kira Phoebe, ta ɗauka, ta ce suna tare da likita, za ta kira. Na ga jirgin Legas ya sauka a nan Kaduna, na ga wani na kaya ya ratsa mu can ƙololuwa daga Turai zuwa kudu, ko kallonmu bai yi ba. Na ga na Alƙahira. Ba ta kira ba.

Na zagaya gidan nan har kaji sun daina matsawa in na zo.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta shi yadda ya faru, tun kafin Wilfred ya ƙara masa gishiri.

Da sassafe na hau tsani ina duba eriya, don iskar jiya ta karkatar da ita. Daga kan rufi ana hango har bakin kwalta. Sai na ga motar Fasto ta tsaya wajen mai faci, nesa da gidana, alhali ga fili a ƙofata. Mutum uku suka fito. Fasto Bulus, da Wilfred, da Irene. Wilfred yana sanye da tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa. Na san rigar nan. Na sha tafiya a gefenta.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai ga kaina a bakin get, na zura sakata ta sama da ta ƙasa, na sa kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Sannan na jawo benci na zauna a ciki, ina fuskantar ƙarfen.

Suka ƙwanƙwasa. Fasto ya yi sallama da muryar nan tasa mai laushi.

Na ce, "Ba kowa."

"Baba, mu ne. Wucewa muke muka ce bari mu gaishe ka."

"Na amsa. Ku gai da gida."

Ina jin takalmansu a kan tsakuwa. Sai Fasto ya ce ko za a taimaka masu da ruwan sha.

Na ce, "Fasto, ni na koya maka neman ruwan nan, shekarar da aka kawo ka. Akwai mai shago a kwana."

Irene ta fara kuka ƙasa-ƙasa, na ji Fasto yana ce mata ta yi haƙuri. Ni dai lissafina ɗaya ne, kuma na san na wauta ne tun a lokacin: in ba su shigo ba, ba su zauna ba. In ba su zauna ba, ba za a yi addu'ar ba. In ba a yi addu'ar ba, to ba a faɗa ba. Ina iya zama a kan bencin nan har Kirsimeti.

Wilfred ya matso, har ina ganin ƙafarsa ta ƙarƙashin get.

"Jethro."

"Ka koma gida, Wilfred. Ka sauya riga."

"Jethro, tsohon banza, saurara. Tana da rai."

Fasto ya ce, "Baba Wilfred, ba a bakin titi ba."

"Rabu da ni, Fasto, mutumin nan zai mutu a kan benci mu shiga uku. Jethro, ka ji ni? Janet tana numfashi yanzu haka da nake maka magana. Na taɓa yi maka ƙarya a irin wannan?"

Ya taɓa yi mini ƙarya a kan dara, da kifi, da shekarunsa. A irin wannan kuwa bai taɓa ba.

Na ce, "To me ya kawo ku ku uku?"

"Buɗe ka ji. Sauran ba na titi ba ne."

Makullin ya ƙi shiga kwaɗon. Sai da na miƙa wa Irene ta saman get, ta zuro hannu ta ramin ta buɗe da kanta.

Juma'a, da yamma

Sun zauna. Wilfred ya zo zai zauna a damata, na kalle shi, ya koma hagu.

Likitoci sun ce a kawo ta gida. Ba su ce ta warke ba. Sun ce abin da za su iya sun yi, kuma ita da kanta, ranar da ta iya magana, gida ta ce. Phoebe ta kasa gaya mini, ta gaya wa Irene, Irene ta kai wa Fasto. Tun makon jiya suke shawarar yadda za su zo, domin wannan irin labari ba mu da tsarinsa. Wilfred ya ce sun rasa wace riga ake sa masa.

Saura tafiyar. Ba a da tabbacin jikinta zai ɗauki sama. Za a sa mata iskar numfashi a jirgi, wata nas za ta rako su. Talata, in likita ya yarda.

Phoebe ta kira daga baya tana ba ni haƙuri. Na ce ta kai wayar kunnen uwarta. Na yi magana, na gaya mata kaji lafiya, ruwa yana ta zuba, kogi ya cika har ya taɓa gonakin bakin gada. Ban ji komai ba sai wata na'ura tana ƙit, ƙit. Phoebe ta ce ta motsa yatsu.

Lahadi, 17 ga Agusta, da rana

Ban je sujada ba. Ba na son gaisuwar hannu biyu.

Talata, 19 ga Agusta, da la'asar

Likita bai yarda ba. Zazzaɓi. An ɗaga zuwa Asabar.

Duk da haka na bi jirgin yau tun daga tashinsa har saukarsa, kamar mai gwajin hanya. Awa biyar da wani abu. Na lura da inda yake ɓacewa da inda yake fitowa. Na lura da inda yake fara sauke kai. Kujerun da aka tanadar masu ko wa ya zauna a kai, oho.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

An kawo gadon asibiti da na'urar iskar numfashi, an sa a falo saboda ƙofar ɗakinmu ta yi ƙanƙanta. Irene ta wanke labule, ta goge ko'ina. Ta tsaya da tsintsiya a bakin baranda tana kallona.

Na ce, "Share. Amma iyakarki get."

"To, mijina."

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na hau rufi na ƙara ɗaure eriyar da sabuwar waya, Irene tana ƙasa riƙe da tsani tana cewa in na faɗo ba ta da wurin gado na biyu.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Phoebe ta aiko da saƙo: sun shiga, an kwantar da ita, za ta kashe waya. Fasto da Irene sun kama hanyar Abuja da motar asibiti tun da duhu. Ni an ce in zauna, babu wuri a motar, kuma hawan jini. An bar mini Wilfred, wai ya kula da ni. Ya zo da jarida da goro.

Jirgin ya tashi. Ga shi nan a taswira, ɗan rawaya, hancinsa ya juyo kudu maso yamma.

Asabar, da hantsi

Ya ɓace. Na san zai ɓace, nan ne hamada, babu mai eriya a cikin yashi. Manhajar tana zana ɗigo-ɗigo, tana cewa nan ya kamata ya kasance. Na sani. Na gani ranar Talata, na gani sau da yawa kafin nan. Sanin bai hana ni zuwa bayi sau uku ba.

Wilfred ya ce, "Ina yake?"

"Yana nan."

"Ina?"

"Inda ba mai ji."

Ya ninke jaridar. Ya ce tun da abin nan yake a gidana bai taɓa tambaya ba, yau in koya masa. Na san dabara ce, ni ma na sha sa mutane su nuna mini hotunan biki a irin wannan zama. Amma na koya masa. Na nuna masa tsayi, na nuna masa gudu. Na gaya masa abin da nake jira: in wani ya rikice a cikin jirgi, matuƙi yakan sanar, wani lokaci manhajar ta mayar da jirgin ja, kuma sai ya nemi fili mafi kusa. In sun shigo ƙasar nan, mafi kusa Kano ne. Saboda haka in ya fito daga hamada, hancinsa zan duba. In ya karkata dama, Kano ya nufa.

"In ya miƙe fa?"

"To lafiya ke nan."

Ban gaya masa ɗaya dalilin da zai sa jirgi ya miƙe ba, wato in babu sauran abin yi wa sauri. Ya sani. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, ni da ba na ci.

An ɗauke wuta, akwatin bayan talabijin ya koma kan batirin sola. Hadari yana haɗuwa ta wajen Kujama.

Asabar, da rana

Ya fito. Rawaya. Ya wuce Kano ta gabas bai ko waiwaya ba.

Daga nan kuma akwatina ne ya kama shi da kansa, ba sai wani ya ba ni labari ba. Eriyar tagulla da bututun ruwa. Na ce wa Wilfred, yanzu muryarsa a kan rufin nan take sauka. Ya ɗaga kai ya dubi silin kamar zai ga wani abu.

Saminaka. Ya fara sauke kai. Ya bi ta saman Kachia, inda aka haife ta, inda na fara ganin ta tana sayar da citta da uwarta ranar kasuwa, ta ce mini in ba saye zan yi ba in matsa in ba mutane wuri. Ban sani ba ko akwai taga kusa da ita. Ban sani ba ko idonta a buɗe yake. Na fita tsakar gida na tsaya ina duban gabas, ba komai sai baƙin hadari, yayyafi yana dukan tabarau. Wilfred ya biyo ni da lema.

Ya yi ƙasa har akwatina ya daina jin sa, na Abuja suka karɓa. Tsayi ya yi ta raguwa har ya zama sifili.

Ya sauka. Iyakar abin da manhajar ta sani ke nan.

Asabar, da la'asar

Wayar ta daɗe ba ta yi ƙara ba. Ba zan rubuta abin da na yi a tsakanin ba. Wilfred ya ga wani, ya yi alkawarin mantawa.

Da ta yi ƙara, shi ya miƙa hannu zai ɗauka, bisa al'ada. Na buge hannun.

Phoebe ce. "Baba, riƙe." Na ji iska, na ji ƙarar mota, na ji wani abu yana huci. Sannan wata murya ƙarama, kamar daga cikin rijiya.

"Baban Phoebe."

Na ce na'am.

"An ce ka kulle wa Fasto ƙofa."

Irene ba ta ko bari an fita daga filin jirgi ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

Sun iso jiya da magariba. Mutum biyu suka ɗauko ta, ɗaya ma ya isa. Ba zan kwatanta ba. Idanun dai nata ne, sun bi falon nan kusurwa-kusurwa, suka tsaya a kan butar da na ƙona.

Yau da rana aka sake ɗauke wuta. Batirin ba zai ɗauki na'urarta da firij da akwatina gaba ɗaya ba, Phoebe ta tsaya tana duban wayoyin tana jin nauyin faɗa. Na zagaya bayan talabijin na zare nawa. Ɗazu masu manhajar suka aiko da saƙo, wai tashar Kaduna ta yi shiru, ko akwai matsala. Ban amsa ba tukuna.

Janet ta ga lokacin da na zare. Ta ɗaga abin da ke kan hancinta kaɗan.

"Ka kashe jiragenka?"

"Sun san hanya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta buga gefen gadon da yatsu biyu, na matso da kujera.

"Ba ni labarin abin da aka yi a gidan nan da ba na nan. Daga farko. Kada ka tsallake komai, kada ka yi sauri. Ina da lokaci."

Phoebe ta tashi ta fita baranda.

Na gyara zama, na fara tun daga ranar da suka tafi.